Magogin Mai Yatsa Uku

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Baba Kafinta har ya sha ruwa, to ya ji labarin magogin nan, ko yana so ko ba ya so. Mai kawo masa katako ya ji shi har ya haddace. Matar da ke sayar da ƙusa a shagon da ke kusa, da zarar ta ga Baba ya ɗauko magogin yana goge shi da gefen riga, sai ta tuna ta bar wani aiki a ciki. 'Ya'yansa kuwa tun suna ƙanana suke ƙarasa masa ƙarshen zancen, shi kuma bai taɓa jin haushi ba, sai ma ya koma farko don kada a ce an tsallake wani wuri.

Magogin katako ne irin na da, guntun icce mai nauyi da aka soka wa ƙarfe mai kaifi a tsakiya, ana tura shi a kan katako yana fere shi har ya yi santsi. Abin da ya raba shi da na sauran kafintoci shi ne mariƙinsa. Na kowa a miƙe yake, a damƙe shi da hannu gaba ɗaya. Na Baba a karkace yake, da gurbin yatsu uku, da wani ɗan tudu daga baya inda tafin hannu ke dafawa. In mai cikakken hannu ya kama shi sai ya ji kamar ya sa takalmin wani. Baba kaɗai yake yi wa daidai, domin yatsu uku ne suka rage masa a hannun dama.

Ga yadda yake ba da labarin. Yana sabon aure, yana aiki a ƙarƙashin wani babban kafinta da kowa ke ce wa Oga, injin zarto ya kama masa hannu, ya tafi da babban yatsa da manuni. Ya daɗe a kwance a gida, ba ya fita, ba ya son masu zuwa sannu. Da ciwon ya fara warkewa ya gwada kama wani tsohon magogi da yake ajiyewa a gida, abin ya suɓuce ya faɗi, ya sa ƙafa ya harba shi ƙarƙashin gado. Ana nan sai wani abokin aikinsa ya kawo akwatin kayansa, ya dire a tsakar gida ya juya, ko zama bai yi ba. Baba ya san ma'anar haka. A sana'arsu in aka aiko wa mutum akwatinsa gida, an sallame shi ke nan ba tare da an haɗa ido ba. Sai da aka kwana biyu kafin ya iya buɗe akwatin, kuma da ya buɗe, ya tarar da wannan magogi a sama, naɗe cikin takardar siminti. Ya zura yatsunsa uku, suka zauna daram.

Washegari ya yi wanka ya nufi shago. Ya tsaya a gaban Oga, a gaban dukan ma'aikata, ya yi ta zuba masa godiya. Shi kuwa Oga mutum ne da magana ke yi wa tsada, in ya ce "to" da safe ya gama hirar yini. Ya dubi magogin, ya dubi Baba, ya sake duban magogin, ya yi gyaran murya, sannan ya nuna masa teburinsa da haɓa. Da wannan magogi Baba ya ci gaba da aiki har ya buɗe nasa shagon, ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya. Ɗansa na fari sunan Oga ya sa masa. Bayan Oga ya rasu, ƙofar gidansa ko ƙafar kujera ba ta taɓa girgiɗi ba tare da Baba ya je ya gyara ba. Kuma kullum yana rufe labarin da addu'a guda, cewa hannun da ya yi wannan aiki Allah ya yi masa albarka.

To, wata safiya magogin ya tsage. Baba yana haɗa wa matarsa kujera mai ɗan tsawo, saboda gwiwoyinta sun fara yi mata gardama wajen tashi daga ƙasa. Katakon tsohuwar ƙofa ce ya samu, ashe akwai guntun ƙusa a ɓoye a ciki. Ya tura magogin da ƙarfinsa, ƙarfen ya ci karo da ƙusar, ya ji wata ƙara da ba ya so. Tsagar ta taso daga bakin da ƙarfen ke fitowa ta bi har cikin mariƙin. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Ɗansa, mai sunan Oga, ya kawo masa sabon magogi na ƙarfe daga kanti, mai walƙiya, har da 'yan sukurori na gyara baki. Baba ya kama, abin ya karkace masa a hannu ya yi wa katakon rauni. Ya gode wa yaron, ya mayar masa cikin kwalinsa. A ransa ya san in babu wancan guntun icce, shi ba kafinta ba ne, tsoho ne kawai mai shago.

Sai ya naɗe tsohon magogin a tsumma ya kai wa Mai Washi. Wannan wani magidanci ne da ke da ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar wani bene, a layin masu sayar da ƙarafa, inda yake wasa zarto da almakashi, yana gyara duk wani kayan aiki da mai shi ya ƙi rabuwa da shi. Wurin bai fi a miƙe ƙafa ba, ko'ina zarto ne a rataye, ga ƙaurin ƙarfe da baƙin mai. Ya share wa Baba kan wani akwati ya zauna. Mai Washi ya juya magogin sama da ƙasa, ya ce ba yadda za a sa gam ya kama sai an ƙarasa raba shi biyu an share cikin tsagar. Baba ya kau da kai kamar wanda za a yi wa ɗansa allura, ya ce a raba.

Da iccen ya rabu, Mai Washi ya leƙa cikinsa. Ya kai ɓari ɗaya bakin ƙofa inda haske yake, ya kankare da farce, har ya sansana.

"Baba, wa ka ce ya yi wannan?"

Ai kuwa Baba ya gyara zama, ya ɗauko daga ranar da injin zarto ya kama shi. Mai Washi ya ji labarin nan ba sau ɗaya ba, don haka ya bari sai da Baba ya tsaya jan numfashi, sannan ya miƙa masa ɓarin iccen ya ce ya duba da kansa. A cikin naman iccen, kewaye da ramin da ƙarfe ke zama, akwai wani duhu da ya shiga ciki sosai, baƙi daga baki, yana komawa ja yana dusashewa. Mai Washi ya ce wannan ba mai ba ne, ba tsufa ba ne, wuta ce. Kafinta da cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake bugawa da guduma, yake huda bakin magogi, yana sara yana aunawa, kuma ko ya goge sai an ga sawun cizal a kusurwa. Nan babu sawun cizal ko ɗaya. An gasa ƙarfe ne har ya yi ja aka riƙa soka shi a hankali yana cin iccen, daga baya aka kankare gawayin da wani abu kamar fasasshiyar kwalba, aka bi da haƙuri har fuskar ta yi fari. Ya ce jikin ma ba da zarto aka yanka shi ba, da gizago aka sassaƙa. A iya saninsa masu yin ƙotar gatari da fartanya ne ke huda icce haka.

Baba ya ji ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai ce wa Mai Washi ya tsaya kan washin zarto, sai kuma ya fasa. Ya fi kowa sanin Oga da wuta. Mutumin da ko ashana ya gani a aljihun ma'aikaci sai ya kore shi waje, saboda dusar katako da ke ko'ina a shagon. Kuma Oga ko cokali zai yi sai ya ja layi da fensir ya ɗauko cizal. Ba zai taɓa huda icce da wuta ba, ko da an ɗaure shi.

Mai Washi ya ƙara da cewa gam ba zai riƙe wurin ba, don nan ne duk ƙarfin turawa ke sauka. Sabo za a yi. Jikin ba wuya, shi ma zai iya, amma mariƙin nan wanda ya yi shi ya san hannun Baba kamar shi ya haife shi, in yana raye gara a nemo shi. Baba ya karɓi ɓarin biyu ya naɗe, ya yi sallama.

Ba tsagewar magogin ce ta fi damunsa a hanya ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, tun yana da baƙin gashi yake sauke godiya a ƙofar da ba ita ba, alhali akwai wani bawan Allah da ya ƙona hannunsa dominsa, ya rayu, wataƙila ma ya mutu, bai taɓa jin "na gode" ko sau ɗaya ba. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya samu benci a inda ake jiran mota ya zauna, motoci suna zuwa suna wucewa bai ko ɗaga kai ba. Ya bi abokan aikinsa na da ɗaya bayan ɗaya a ransa, duk 'yan cizal ne, kuma babu wanda ya taɓa riƙe hannun nan balle ya san girmansa. Mai yin ƙota guda ɗaya ya taɓa sani a rayuwarsa, surukinsa, shi kuwa ya rasu tun kafin a yi haɗarin. Bai bar ɗa namiji ba. 'Ya'ya mata ya bari, kuma babbar, wadda Baba ya aura, ita ce take zuga masa wuta tun tana yarinya, tana riƙe masa icce in zai huda.

Baba ya san wannan tun ranar da ya fara zuwa gidan neman aure. Ya san shi kamar yadda mutum ya san launin ƙofar ɗakinsa, bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ya tashi ya kama hanyar gida a ƙasa, don ya ji ba zai iya zama a mota kusa da kowa ba.

Ya tarar da matarsa a inuwar baranda, ta miƙe ƙafafu, tana ninke wanki tana jerawa a kwando. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi ko an dace. Ya matso kusa da ita. Ya kwance tsumman, ya ɗora mata ɓarin biyu a cinya, cikin yana kallon sama. Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta bi duhun nan da yatsa, a hankali, irin na wanda ya san inda ya fara da inda ya ƙare.

"Ashe ya yi ƙarko," in ji ta. "Ni da na ce in ya kai shekara ma an gode Allah."

Baba ya nemi wuri ya zauna a kan dandamali.

Ba ta ja masa rai ba. Ta ce tun ranar da ya harba tsohon magoginsa ƙarƙashin gado ta san in aka bar shi haka zai mutu da ransa. Ta jawo magogin, ta zare ƙarfen, ta ɗauki jikin ta tafi da shi gidan uwarta da sunan za ta dubo ta. A bayan ɗakin tsohuwar kayan aikin babanta suna nan inda ya bar su. Ta ɗauko wani guntun icce mai tauri da ya daɗe yana bushewa, ta riƙa kwaikwayon kwanciyar ƙarfen daga tsohon. Ta ce icce nawa ta ɓata kafin ta samu ramin ya kwanta daidai, ita kanta ta daina ƙirgawa, har uwarta ta fara tambayar ko itacen girki ta zo tara mata. Da Baba ya tambayi yadda aka yi mariƙin ya zo daidai da hannunsa, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta tuna masa wani curin yumɓu da take kawo masa kullum bayan ta wanke ciwon, ta ce ma'aikaciyar asibiti ta ce ya riƙa matsawa don jijiyoyi su saki. Babu ma'aikaciyar da ta ce haka. Duk curin da ya matsa sai ta shanya shi a rana, ta tafi da shi ta sa a gabanta tana sassaƙa.

Ta gama shi ke nan tana neman yadda za ta ba shi, sai ga akwati an kawo. Ita ma ta san ma'anar akwatin. Ta kuma san mijinta a lokacin, cewa in ta miƙa masa da hannunta zai ga tausayi ne na mace, ya ce an gode, ya tura shi inda ya tura wancan. Sai ta buɗe akwatin ta sa a sama ta rufe. Ta ce iyakar abin da ta sa rai shi ne ya samu abin kamawa ya riƙa ɗan aiki a gida. Ba ta taɓa zaton zai yi wanka ya tafi ya tsare mutumin da ya kore shi da godiya a gaban jama'a ba. Yini ta yi ranar tana jiran ya dawo da kunya, sai ga shi da yamma da dusar katako a gashi.

"To shi Oga, ya sani?"

"Malam, mutumin da ya tsufa da icce a hannu? Kallo ɗaya ya yi masa." Ta ce bayan wani lokaci sun haɗu da Oga a bakin kanti, mutumin da ba ya gaida kowa, sai ya tsaya ya gaishe ta, ya dubi tabon ƙuna a bayan hannunta, ya ce mata, "Sannu da aiki." Daga nan har ya rasu bai ƙara ce mata komai a kai ba. Ta ce kada Baba ya kwashe godiyarsa duka daga kan bawan Allah, domin teburin dai shi ya mayar masa, alhali ya riga ya ba wani teburin kafin ranar, sai da ya matsar da wancan mutumin.

Baba ya ce duk ya ji wannan, amma daga baya fa? Bayan ya buɗe shago, bayan yara sun girma, bayan Oga ya kwanta dama, me ya hana ta faɗa? Har ta bari ya sa wa ɗansu sunan mutumin tana kallo.

"Da ka sani, sunana za ka sa masa?" Ta harare shi ta gefen ido. "Kuma tunda nake da kai, ka taɓa barin wani ya sa baki in ka ɗauko labarin nan?"

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi fitowa. Ita ma sai ta bar wasan. Ta ce gaskiya da farko tsoro ne, kada ya sani ya ji kunyar komawa shago. Daga baya kuma ta ga labarin ya zama abin da yake tsaye a kai, ba ta so ta zare masa shi. Akwai ranakun da abin ya sosa mata rai, ba za ta ɓoye ba, musamman in sun saɓa, ta ji shi a waje yana yabon Oga. Amma sau da yawa daɗi take ji. Tana daga ɗakin girki tana jin yadda yake kwatanta wa baƙo gurbin yatsun nan, yana cewa ba a taɓa yin gwani irin wannan ba, ita kuwa tana juya tukunya tana murmushi ita kaɗai.

Ta miƙo hannu ta kama nasa na dama, ta juya shi, ta latsa tafin da babban yatsanta. Ta ce hannun ya rame, gaɓoɓin sun kumbura, ko da tsohon bai tsage ba ya daina yi masa daidai, shi ne dai bai lura ba. Gobe ya nemo yumɓu da icce mai kyau. Nata hannun yanzu rawa yake yi, ba za ta iya riƙe jan ƙarfe ba, don haka shi zai huda, ita za ta zauna ta nuna masa, kuma ba ta son gardama irin ta kafintoci.

Baba ya ce ya ji. Ya zauna yana kallon hannunsa a cikin nata, yana neman magana mai girma wadda za ta kai, irin jawabin da ya saba yi wa baƙi. Duk suka gudu suka bar shi. Godiya ta cika masa ƙirji har tana yi masa nauyi, ga kunya, ga wani farin ciki na cewa mai aikin tana nan da ranta, a gabansa, bai makara ba.

"Uwar yara," ya ce. "Na gode."

Idonta ya kawo ruwa, ta sa bakin mayafi ta share. Sannan ta karkato kai ta ce ba ta ji sosai ba, kunnen nan kwana biyu ya fara yi mata nauyi. Matar da in an buɗe murfin tukunyarta tana ƙofar gida sai ta ji. Baba ya matso ya sake faɗa, a hankali, kalma bayan kalma. Ta gyaɗa kai, ta juyo masa ɗaya kunnen.